Lemun Dada da Sunan Ƙwaro

Fauziya ta jawo akwatin gilashin da ke ɗakin binciken ƙwari, ta tarar da allurai a jere, kowace da 'yar takardarta, babu ƙwaro ko ɗaya. Tun da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ya shigo aka daina sayen kafur, gara ta cinye samfuran.

Abin da ya kawo ta kuwa wata tsutsa ce da ke shiga tsakiyar ganyen lemun tsami a gidajen unguwar New Bell, tana barin farin zane kamar rubutu. In ta girma sai ta zama ƙwaro mai fukafuki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Littattafai sun ba shi suna biyu. Ɗaya na mugun ƙwaro ne, wanda ofishinsu ke sa a sare duk bishiyar da ya kama. Ɗayan wani Bature ya raɗa shi tun zamanin mulkin Jamus daga samfuri guda, ba wanda ya tabbatar ko iri ne dabam. A gidan Dada, kakar Fauziya, nan cikin unguwar, akwai lemu mai shekara talatin.

Ta rubuta sunan farko, ta sa masa alamar tambaya, ta kai wa shugabanta, Mesiye Badaru.

"Mene ne wannan ƙugiya, 'yata? Manyanmu na Yawunde ba sa son tambaya."

"Baba, ba mu sani ba. Sai an reni tsutsar ta fito, an duba namijin. Kwana goma kawai."

"Ni da na yi shekara ashirin a ofis ɗin nan ban san ƙwaro ba?"

"Da me za ka gwada shi? Da allura?"

Ya yi dariya, ya soke alamar da biro ja, ya sa hannu. Dariyar ce ta fi ƙona mata rai.

Ran Litinin aka shigo unguwa da adduna. Dada na zaune a ƙofar ɗaki aka sare lemunta. Fauziya ta bi rassan da suka faɗi tana tsintar ganye, ta cika kwalaben mayonez huɗu, ta ɗaure bakinsu da tsohon gyale.

A rana ta tara ƙwarin suka fito. A fukafukinsu akwai ɗigo biyu. Mugun ƙwaron ɗaya gare shi. Ta ajiye kwalbar a teburin Mesiye Badaru.

Ya leƙa, ya ce, "To, ai an riga an sare."

Fauziya ta jawo kujera. "Saura saran unguwar Cité des Palmiers ran Alhamis. Ba zan tashi ba sai ka mayar da ƙugiyata."