Jarumin da Ya Tsaya Gaisuwa

Tun yana ƙarami a Dogo-Dogo Shafi'u yake son fim ɗin faɗa, irin wanda mutum ɗaya zai tashi sama ya doki goma kafin ya sauko. Da ya girma ya sami waya mai kamara, sai ya fara yin nasa na ba'a, shi da abokinsa Dogo. Su ɗaura ƙyalle a goshi, su yi ta tsalle a bayan rumbuna suna ihu. In aka nuna wa mutane, su kalla, su ce, "Allah ya shirya," su miƙo masa wayarsa. Ba mai dariya sai su biyun.

Lokacin da ya fara, mahaifiyarsa Inna Zuwera magana ɗaya ta yi, ita ma ba ta dube shi ba, don shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce, "A yi wasa, amma kar a taɓa mutuncin kowa. Ranar da aka taɓa, an gama." Shi kuwa ya san in ta ce an gama, to an gama ɗin, ba zai iya ɗaga waya ba tare da yardarta ba.

Da aka gama girbin gero, ya hau moto, wato babur, ya tafi Magariya wurin wani Abdulwahabu, mai butik, shagon da ake sa wa mutane fina-finai a kart memwar, katin nan na cikin waya. An ce ya yi shekaru yana riƙe wa masu wasan barkwanci kamara a Damagaram. Abdulwahabu ya kalli fim ɗin tsallen, mai kiɗa da ƴan fashi, har ƙarshe, ko haƙorinsa bai fito ba.

"Wa kake kwaikwayo a nan?"

"Jaruman faɗa."

"Ka taɓa ganin ɗaya ido da ido?"

"A'a."

"To ka gani. Su ma kwaikwayo suke yi, kai kuma ka zo kana kwaikwayon kwaikwayo. Ka bar kiɗan yadda yake, ka bar ƴan fashin da sandunansu a ciki, amma wanda za ka sa a tsakiya ya zama mutumin da ka san tafiyarsa. Kuma ka daina wangale baki kana yi wa kanka dariya. Sai na uku, kana magana kamar an biyo ka."

Haka Shafi'u ya riƙa zuwa duk mako. Ya koyi kwantar da waya maimakon tsayar da ita, ya koyi barin rana a bayan mai ɗauka, ya koyi yanke abin da bai da amfani ko da kuwa shi ne ya fi so. Ya daina dariyar kansa. Saurin ne dai ya ƙi barinsa.

Mutumin da ya san tafiyarsa kuwa, bai sha wahalar nemansa ba. Wata safiya ya shiga zaure, idonsa ya faɗa kan malafar mahaifinsa a rataye inda take tun rasuwarsa, damina uku ke nan. Malam Mamadu mutum ne da duk ƙasar ta sani da gaisuwa. Ba ya wuce kowa. In ya fita kasuwar Guci da hantsi, sai ya isa ana naɗe tabarmi. Har jakarsa, macen jakin da yake hawa, yake gaisarwa kafin ya ɗora mata kaya, ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? A yi haƙuri, yau ma za mu." Jakar tana nan har yanzu, ta tsufa, tana ɗaure a bayan gida.

Shafi'u ya sauke malafar, bai gaya wa kowa ba.

Ga yadda fim ɗin ya kasance. Kiɗan faɗa ya tashi. Ƴan fashi biyar sun tare hanya da sanduna, Dogo ne babbansu, ya shafa gawayi a fuska. Can sai ga jarumi tafe a kan jaka, da malafa. Ya sauko a hankali, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Sannunku da aiki. Ya iyali? Ya mai tsohuwa? Ƙafar nan ta warke kuwa?" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai na biyar ya dawo kan na farko. Sanduna suka yi nauyi, ƴan fashi suka zauna a ƙasa, daga ƙarshe Dogo da kansa ya ɗebo masa ruwa ya raka shi.

Abdulwahabu ya kalla, ya yi dariya sau biyu. Ya ce, "Yanzu ka fara. Amma har yanzu ana bin ka a baya."

Kafin mako biyu fim ya zaga Guci da Yekuwa, daga waya zuwa waya. In Shafi'u ya wuce, sai a ɗaga murya, "Jarumi, ya mai tsohuwa?" Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Ranar Laraba bayan azahar sai ga Baffa Tijjani, ƙanen mahaifinsa, ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya sami Shafi'u yana gyaran danga.

"Kai, malafar wa ka sa a kanka?"

Shafi'u ya sunkuyar da kai.

"Ina zaune a kasuwa, ina jin ana ƙyaƙyata dariya, na leƙa, sai na ga yayana. Tafiyarsa, durƙusonsa, har jakarsa. Mutum yana kabari ka mai da shi abin nishaɗin ƴan kasuwa? Uwarka ta gani?"

"Ba ta gani ba, Baffa."

"To yanzu za ta gani. Abin da ta ce shi za a yi."

Inna Zuwera tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Baffa Tijjani ya karɓi wayar Shafi'u ya miƙa mata, Shafi'u ya tsuguna nesa kaɗan. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa tambayar kansa yadda abin zai zame mata ba. Shi jarumi kawai yake nema.

Ta riƙe wayar da hannu biyu, nesa da fuskarta. Kiɗa ya tashi, jaka ta fito, malafa ta fito. Fuskarta ba ta nuna komai ba har aka gama.

Ta ce, "A mayar."

Baffa ya dubi Shafi'u, Shafi'u ya matso ya mayar, ya koma inda yake. Ta sake kallo. Da ya ƙare ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare.

"Ba haka yake yi ba," in ji ta.

"Ka ji ko?" in ji Baffa. "Ka ji abin da..."

"Tijjani, ban gama ba. Kai tun kana yaro ba ka barin mutum ya kai aya." Ta zuba ƙwayar a ƙwarya. Ba ta dubi ɗanta ba, gyaɗar take yi wa magana. "Shi in ya ce ya iyali, tsayawa yake ya ji. Ba wai don a ce ya gaisa ba ne, so yake ya sani. Ko jakar can ya gaisar, sai ya jira ta kaɗa kunne kafin ya ɗora mangala. Wannan na cikin waya jera tambaya yake kamar mai ƙirga awaki."

Sai ta ture faifan gefe. Ta dafa gwiwarta da hannun dama, ta karkatar da kai hagu, ta dubi Baffa Tijjani, ta rage murya ta ce, "Ya iyali?"

Ta tsaya.

Ba ta ƙifta ido ba, ba ta yi murmushi ba, ta dai karkata tana jira, girarta a ɗage kaɗan, kamar duk duniya ba abin da ya rage sai amsar nan. Kaza ta wuce ta tsakaninsu. Baffa ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki, ya rufe. Ita dai tana jira. Shafi'u ya ga kamar mahaifinsa ne zaune a wurin, ba ragi.

"Lafiya lau," in ji Baffa, ba da niyya ba. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya dafa rumbu, daga nan kuma ya ja bakin rawaninsa ya rufe ido, ya daɗe bai sauke ba.

Inna Zuwera ta jawo faifanta. "Ranar da aka haifi wani a gidan nan," ta ce, "aka aiki mai malafar nan ya kira ungozoma, gida huɗu ne tsakani. Ya dawo da ita ya tarar an yanke cibi, an yi wanka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar jariri ya hanya."

Shafi'u bai taɓa jin wannan labarin na haihuwarsa ba. Ya dubi ƙasa, yana dariya, hawaye na ɗiga a kan yatsun ƙafarsa.

Baffa ya share fuska ya ce, "Amma Zuwera, dariya fa ake masa."

"Da ransa ma ana yi, yana tayawa. Abin da ba zan yarda ba, a ce ga shi, a nuna mutumin da ba ya sauraron amsa. Wannan ba shi ba ne."

"To a goge?"

"A goge wannan. A sake wani." Ta ɗauki wata gyaɗar. "Kuma a kawo mini malafar in ɗinke bakinta. Bai taɓa fita da ita a yage ba. Gaba in za a ɗauki abu a zaure, a tambaya."

"To, Inna," in ji Shafi'u.

Ranar Asabar suka koma bakin hanya da hantsi, rana a bayan mai ɗauka. Shafi'u ya sauko daga jaka, ya tuɓe takalmi, ya dafa gwiwa, ya karkatar da kai. "Ya iyali?" Ya tsaya. Dogo ya ɗaga sanda, ya riƙe fuska, ya riƙe, sai ya fashe da dariya har gawayin ya bi hawaye. Sau shida suna sakewa, kullum a nan yake faɗuwa. A na bakwai ne ya daure, ya sauke sandar a hankali ya ce, "Wallahi ƙaramin ne ba ya jin daɗi tun jiya." Wannan ba ya cikin abin da suka shirya. Shafi'u ya gyaɗa kai, ya ƙara jira.

Da ya kai Magariya, Abdulwahabu ya kalla sau uku, masu jiran kart ɗinsu suka taru a bayansa. Ya ajiye wayar yana goge ido.

"Wata uku ina fama da kai a kan saurin nan. Wa ya koya maka jira?"

"A gida ne," in ji Shafi'u.

Da ya dawo da la'asar ya rataye malafar a zaure, a ƙusarta. Ya zaga bayan gida zai ba jaka ƙaiƙayi, sai ya tarar da Inna Zuwera ta riga shi, tana tsaye da ƙwarya a hannu, kanta a karkace hagu. Bai ji abin da ta tambaya ba. Ya tsaya a bakin danga bai yi motsi ba, su biyu suna jira, har jakar ta kaɗa kunne.