Kwaɗo Biyu a Ƙofa Ɗaya

Dogo ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar ƙarfen, ya janye da sauri. Zafi kamar murfin tukunya. Esin da ke sanyaya ɗakin rada ya mutu tun hantsi, kuma na'urorin da ke nuna wa hasumiyar filin jirgin sama inda kowane jirgi yake ba sa jure zafi. In ya ishe su, kashe kansu suke yi.

Gyaran ba wani abu ba ne, abin haushin ke nan. Amma tun da gwamnati ta sayar wa kamfani rabin aikin kula da jirage aka raba komai, har ƙofar nan. Kwaɗo biyu ne a jikinta, ba ta buɗuwa sai kowa ya kawo makullinsa. Na kamfani yana aljihun Dogo. Ɗayan yana jakar wakilin gwamnati, shi kuwa yana can cikin gari a taron inganta aiki, waya a kashe. Inganta aiki fa!

Ya kira manajan kamfani. Manaja ya ce kayan ciki na gwamnati ne, duk wanda ya taɓa kwaɗonsu a bakin aikinsa. Ya kira ofishin gwamnati, aka ce ai gyara na kamfani ne.

Sai rediyon ƙugunsa ya yi ƙara. Yayarsa ce daga hasumiya, ita da ta yi faɗi-tashi ta samo masa aikin nan. Ita kaɗai ce a kan kujera, don kamfani ya mai da aikin mutum biyu na mutum ɗaya.

"Auta, allona yana ɗaukewa yana dawowa. Ina da jirage a sama, ga hadari ya rufe gabas."

Ba ta ce ya fasa kwaɗon ba. Ba ta ma yi masa tsawa ba, ita da ko gaisuwa da faɗa take yi masa. Wannan sanyin muryar ne ya nuna masa abin ya yi tsanani. Ya tuna matarsa da tsohon ciki. Tsoro yake ji, ba kaɗan ba. Ya buɗe kwaɗon kamfani da makulli, ya ɗauko guduma ya nufi ɗayan.

Jiragen duk suka sauka a kan kari, fasinja ko ɗaya bai san an yi ba. Da yamma manaja da wakili suka yi abin da ba su taɓa yi ba: bakinsu ya zo ɗaya. Aka dakatar da Dogo.

Da mako ya zagayo yayar ta zo gidansa, ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ta ce an kafa kwamitin haɗin gwiwa, kwamitin ma ya sa nasa kwaɗon, sun zama uku. Sabon esi kuwa ana kan tattauna wanda zai saya.

"Gobe ni ce da aikin rana," ta ce.

Dogo ya shiga ɗaki ya ɗauko gudumar, ya sa mata a jaka.