Farantan Warwick

Shekara huɗu Noeline ta yi tana wanka a tsaye kan katako biyu a gidanta na Whyalla. Mijinta Warwick ne ya farfasa daɓen banɗakin wata Asabar, ya ce kafin Kirsimeti zai shimfiɗa sabon tayil. Kirsimeti huɗu suka zo suka wuce. Ana gab da ta biyar ya tattara tufafinsa ya koma Adelaide wurin wata mai gyaran gashi.

Tafiyar ba ta ci mata rai kamar labarin da yayarta Glenys ta kawo ba. Wai yana gaya wa abokansa cewa ko ƙusa Noeline ba ta iya bugawa, gidan zai rushe a kanta kafin shekara ta zagayo.

Washegari ta sayo siminti da cokalin gini. Mai shagon ya yi mata bayani dalla-dalla, ta rubuta a bayan ambulan. Sau biyu tana daɓe ƙasan, don na farko ruwa ya ƙi gangarawa magudana. Gwiwoyinta suka kumbura, fatar yatsunta ta tsage, amma ba ta kira kowa ba.

Da ta shiga gareji ɗauko tayil ɗin da Warwick ya saya tun tuni, ta tarar rabin kwali ya fashe, ba zai isa ba. A bayan kwalayen ta ga wani akwati. Farantan tangaran ne guda goma sha ɗaya da ya ciwo a gasar kamun kifi ta ƙungiyarsu, kowanne an rubuta sunan Warwick da ruwan zinariya. Sau uku ya bugo waya tun tafiyarsa, bai taɓa tambayar lafiyarta ba, sai dai kada kowa ya taɓa masa akwatin nan.

Glenys ta shigo ta same ta tana naɗe faranti cikin tawul, ga guduma a gefe. Ta tambaye ta ko lafiya take.

"Lafiya lau, Yaya. Riƙe mini bakin tawul ɗin."

Ɗaya bayan ɗaya ta farfasa su, ta goge kaifin, ta jera gutsattsarin a madadin tayil kewaye da masai. Ta ɗauki yini guda tana haɗa haruffan sunansa daidai inda ake ɗora ƙafa.

Ranar Lahadi Warwick ya zo ɗaukar akwatinsa. Ta haɗa masa shayi, ta ce ya fara leƙa banɗaki ya ga aikin mai hannun banza. Ya shiga yana murmushi. Ya daɗe a ciki, ko motsinsa ba ta ji. Da ya fito kunnuwansa sun yi jajur.

"Har da farantin da na ci da babban kifin nan?"

"Yana bayan masai. In ka durƙusa za ka gan shi."

Ya ce sai sun haɗu a gaban lauya. Ta ce ba damuwa, ranar raba gida ya taho da gudumarsa ya ɓamɓare rabonsa. Ya fice ya bar shayin, ya finciki mota har ya taka mata furanni.

Takardar lauya ba ta taɓa zuwa ba. A mako na biyu wani gutsure da ta manta ba ta goge ba ya yanke ta a dunduniya. Ta ɗaure wurin, ta goge kaifin, sannan ta fara auna bangon kicin.