Motar Malam Kashim a Rugar Surukai

Duk wanda ya san Malam Kashim a Kazaure ya san motarsa, domin ba ya barin mutum ya tafi sai ya leƙa cikinta. Tsohuwar bas ce ya saya bayan ya ajiye tuƙin babbar mota. Ya cire kujerun, ya sa kafinta ya kafa gado, aka ɗora farantan sola a rufi, batir kuma a ƙarƙashin gadon. Ga talabijin da dikoda, ga fanka, ga rediyo, ga ɗan firij a kusurwa. Mutanen unguwa suna cewa burga ce, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don Kashim mutum ne mai son a ce "kai!" Sai dai firij ɗin nan shi ne ainihin dalilin komai.

Matarsa Asma'u tana fama da ciwon suga, kullum sai ta yi allura, kuma likita ya ja musu kunne cewa kada su bari maganin ya sha zafi. Tun da ciwon ya same ta ba ta ƙara kwana a wurin mahaifiyarta ba. Rugarsu tana can tsakanin Roni da Gwiwa, bayan duwatsu, inda babu ko turken wutar lantarki. Sai dai su je da hantsi su juyo da la'asar, Inna tana tsaye a bakin shinge tana kallon ƙurar motar. Yanzu kuwa Inna ta tsufa ƙwarai, Asma'u kuma ta ƙwallafa rai sai ta zauna da ita ko da na mako ne. Kashim ya buga ƙirji ya ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Suka tafi da damina. Yara suka kewaye motar, Hamma, yayan Asma'u, ya shiga ya zauna a kan gadon yana jinjina kai, Kashim kuwa baki har kunne. Amma da gari ya waye, firij ya yi shiru. Batir ya ƙare ƙarƙaf, abin da ke ciki ya fara hucewa. Ya tayar da inji ya bar shi yana ruri har shanu suka firgita, sannan sanyi ya dawo. Washegari ma haka. Ga hadari ya rufe sama, rana ba ta fitowa sai ta leƙo ta koma, ga man da ya rage na komawa gida ne kawai.

Abin ya ɗaure masa kai. Shi dai ya san kafin ya kwanta yana kashe komai. Yakan ɗauki rimot ya danna wa talabijin, ya danna wa dikoda, ya murɗe rediyo. To me ke shanye wutar? Ransa ya raya masa cewa samarin rugar ne ke lallaɓowa suna cajin waya. Amma ina bakin faɗa? A gidan surukai yake, inda ko ruwa ba ya iya sha a gaban mutane. Sai ya haɗiye, yana ta hararar bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Da rana ya kira Asma'u gefe.

"Gobe da safe sai mu kama hanya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba zan yi wasa da maganinki ba."

"To, Malam," ta ce. Ta shiga bukkar Inna ta fara ɗaure kayanta, shi kuwa ya ji duk duniya ta yi masa zafi. Da ma ta yi masa faɗa ne, da ya fi masa sauƙi.

Hamma ya ga yadda ya yi jugum, sai ya ja shi suka tafi duba shanu a fadama, aka bar motar a buɗe. Ba su dawo ba sai gab da magariba. Kashim ya shiga, ya ɗauki rimot kamar kullum ya danna. Shiru. Ya ce shi ke nan, tun yanzu batir ya mutu. Ya yi wuf ya buɗe firij, sai sanyi ya daki hannunsa, kuma ga shi yana ɗan gurnaninsa. Da ya duba da kyau sai ya ga an zare duk wata waya daga soket, ta talabijin, ta dikoda, ta rediyo, har cajojin da ya saba bari a maƙale, an naɗe su tsaf an jera a kan gado. Inbata ma, akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, an kashe ta. Firij kaɗai ya tsira, saboda wayarsa ta bayan gado ta bi kai tsaye zuwa batir, babu abin zarewa.

"Asma'u!" ya kira, murya a sama. "Wane ne ya taɓa mini kaya?"

Ta leƙo, ta dubi wayoyin, ta rufe baki da mayafi. "Inna ce."

Nan take muryar ta sauka kamar an zuba wa garwashi ruwa. "Inna?"

"Ta kawo maka nono ne ta ajiye tun da ba ka nan. Sai ta ga jajayen idanu suna ƙyalli ko'ina, ta taɓa akwatin nan ta ji ɗumi. Ta ce wane irin ganganci ne mutum ya bar wuta da rai ya tafi, ga bukkoki na ciyawa kewaye da shi? Ka san mutanen ruga, ko kara ɗaya ba sa bari yana hayaƙi in za su bar wuri. Ta ce sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya rufe ido."

Kashim ya sake duban wayoyin da ke jere a kan gado. Da wani ne, da ya ji bayani har ya gode Allah, a kan sola da batir da yadda ba a taɓa kayan mutane. Amma surukarsa ce, wadda tun aurensu bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa kiran sunanta ba. Ya miƙa hannu zai mayar da wayar talabijin, sai ya tsaya. Tagar motar tana kallon ƙofar bukkarta. In ta hango jan idon nan ya dawo, ai kamar ya ce mata ba ta iya ba ne. Kunya ta hana shi. Ya bar komai yadda ta ajiye, ya kwana ba labarai ba fanka, yana ta tsaki a zuci.

Da asuba ya tashi da niyyar ɗora kaya. Yana sa ƙafa ƙasa ya ji gurnani. Ya kasa kunne. Firij ne, yana aiki abinsa. Ya duba ma'aunin batir ya ga ko rabi bai ci ba. Ya buɗe ya ɗauko kwalbar maganin, sanyi ƙalau, ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

Ya hau kan wani dutse inda ake samun sabis ya kira Shafi'i, mai haɗa sola da ya yi masa aikin. Shafi'i ya yi dariya har da tari. "Baba, ai rimot ba ya kashe kaya, kwantar da su kawai yake yi, suna nan suna tsotsa. Ita inbata kuwa ko babu abin da aka jona mata, in dai a kunne take, ci take yi. Wa ya gano maka?"

"Wata babbar injiniya," in ji Kashim, ya kashe wayar.

Ya sauko yana jin nauyin samarin da ya yi ta harara, yana kuma jin wata irin godiya da ta cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa ta. Inna tana zaune a gindin bukka tana burga nono, ta ba shi baya kamar yadda ta saba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya dubi Asma'u da ke tsaye tsakaninsu.

"Ki ce wa Inna mun fasa tafiya. Ki ce mata wutar da ta kashe ita ce ke cinye mana sanyin maganinki. Ki ce na gode, Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri."

Asma'u ba ta iya maimaitawa ba, don hawaye sun riga ta. Ba a ma bukata, Inna ta ji komai. Maburgin ya tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da juyawa.

"Ma'u," ta ce, ba ta waiwayo ba, "ki ce masa ni ban san komai a kan ƙarfensa ba, gobara na ji tsoro. Ki ce masa ni ce da godiya. Na ɗauka sai dai a kawo ki ki ga gawata, ban zaci zan ƙara jin numfashinki a gefena ina barci ba." Ta goge ido da bakin zane. "Je ki kwance kayan nan, ki zo in tsefe miki kai."