Kwanon Da Aka Bari a Kan Tebur

Mai fenti ya sake ɗora ƙyallen rigar amarya a bakin kwanon, ya karkata kai. Bai yi ba. Ƙyallen ruwan hoda ne sosai, shi kuwa aisin ɗin da za a shafe kek da shi ya yi fari-fari, kamar bangon da ruwa ya wanke.

Wannan ne aikin farko da aka ba 'yarsa Auta tun da ta gama koyon kek, kuma yayar amarya ta ce da azahar za ta zo ɗauka. Matar nan bakinta ya fi rediyo. In kala ta kuskure, babu wanda zai ƙara ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Kafin Auta ta fita sayo kwali sai da ta ce, "Baba, don Allah kar ka taɓa komai."

Amma shi da ya tsufa yana haɗa kala? Ya buɗe 'yar kwalbar jar kala. Tsinken da take dangwalowa da shi ya ga wasan yara ne, sai ya ɗiga kai tsaye, ya juya. Ya ƙara kaɗan. Kalar ta zo daidai da ƙyallen, ya sauke numfashi.

Da ya dawo daga alwala sai ya leƙa kwanon. Aisin ɗin ya ƙara duhu. Yana tsaye yana kallo kamar ana zuga shi, har ya koma jan tumatir. Ya duba kabad, babu sauran bota, man da ake haɗa aisin da shi, balle ya sirka. Ya wanke yatsunsa da sabulu, jan ya ƙi fita.

Ƙofa ta yi ƙara. Ya cusa hannu a aljihu.

Auta ta ajiye kwalin, ta leƙa kwanon, ta dube shi.

"Baba, mu ga hannunka."

"Wane hannu kuma?"

"Wanda ke aljihu."

Ya fito da shi a hankali. "Na ga ya yi haske ne, 'yar nan. Wallahi gyara na yi niyya."

"Ai da gangan ake barin sa da haske. In ya huta, da kansa yake nuna."

"To yanzu ya za mu yi? Matar nan tana hanya!"

Ta taka kujera, ta sauko da wani kwano rufaffe daga saman kabad, bayan tukwane. Ta buɗe, ta ɗora ƙyallen a gefe. Ba ka bambance su.

"Wancan fa?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ragowa ne. Mama ce ta ce in bar maka shi a fili, in ba haka ba za ka yi ta bincike har ka gano na gasken."

Daga ɗaki aka ji Mama ta yi wani tarin da bai yi kama da tari ba.

Mota ta tsaya a waje. Mai fenti ya mayar da hannunsa aljihu, ya tafi buɗe ƙofa da hagu.