Taku Arba'in Daga Bishiya

Glenn Pascoe yana yin mako biyu a mahaƙar kwal, ya dawo gida Hervey Bay, wani gari na bakin teku, ya yi mako ɗaya. Duk dawowar da zai yi sai ya tarar ɗansa Fergus ya koyi wani sabon abu, kuma ba a wurinsa ba. Ɗaurin igiya, saka tsutsa a ƙugiya, yin fito da yatsu biyu a baki. Kawu Bryce ne ya koya masa. Bryce ƙanen matarsa Narelle ne, masunci mai ƙaramin jirgi, ba shi da mata ba shi da ɗa, sai lokaci har ya yi masa yawa. A tebur yaron bai iya haɗiye loma uku bai ce Kawu Bryce ya ce ba. Glenn yakan yi murmushin yaƙe.

Da Fergus ya ce bikin cikarsa shekara shida na shigar 'yan fashin teku yake so, Bryce ya riga kowa: shi zai gasa nama, shi zai kawo tuta. Glenn ya ce to, amma jakar tsaraba, wadda ake miƙa wa kowane yaro in zai tafi gida, tasa ce, kada wanda ya sa masa hannu.

Mako biyu ya yi yana haɗa su a ɗakinsa na sansanin ma'aikata. Ya yanka tsofaffin rigunan aikinsa masu ruwan lemo ya ɗinka jaka goma sha biyu, ɗinkin ya karkace kamar tafiyar ƙaguwa. Ya yanke fatar tsohon takalminsa ya yi wa kowace jaka marufin ido ɗaya irin na 'yan fashin teku. Ya tsinci tsakuwa ya shafa mata fenti mai ruwan zinariya. Ya jiƙa takardu da shayi don su tsufa, ya zana taswira a kan kowace. Abokan aiki suka dinga kiransa tela, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar biki da safe ya zuba jakunkunan a akwatin ƙarfe na kayan aiki, ya je bakin teku shi kaɗai. Ruwa ya janye can nesa, yashi shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ya jingina bayansa da babbar bishiyar da ke kusa da wurin gashin nama, inda za a yi bikin, ya ƙirga taku arba'in, ya haƙa rami bai yi zurfi ba, ya binne akwatin, ya bar igiyar hannunsa a sama. Ya san teku na cika yana janyewa, kowa ya sani. Takardar da ke nuna lokutan tana manne a motar Bryce, tambaya ɗaya ce. Tambayar ce ba zai yi ba.

Da rana ta yi tsaka yara suka cika wurin. Aka ci burodi mai man shanu da barbaɗen alewa, aka yanka kek. Bryce ya ɗaura jan ƙyalle a ka, yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, yara na rataye a wuyansa, Fergus a kan kafaɗa. Glenn yana gefe yana rarraba kofuna. Wata uwa da ba ta san su ba ta ce wa Bryce ɗansa ya yi kama da shi. Bryce ya yi dariya ya gyara mata zance, amma Glenn ya riga ya ji.

Ƙarfe biyu ya tara yaran, ya ɗaga taswira, ya ce akwai dukiya binne taku arba'in daga bishiya. Karon farko a ranar Fergus ya sauka daga kafaɗar kawunsa ya zo ya kama hannun ubansa. Suka fara ƙirgawa da ƙarfi. A taku na ashirin da shida ƙafar Glenn ta taɓa ruwa.

Bryce ya matso ya rage murya. “Yaya, ba dai can ka binne ba?”

“Can ne.”

“Mutumin rami ke nan. Kana zaton teku ma sai an busa masa usur yake shiga aiki?” Ya ce ruwan ba zai koma ba sai biyar, iyaye kuwa uku za su kwashe 'ya'yansu. Amma kada ya damu, akwai buhun alewa a motarsa, sai a ƙulla a leda a raba, ba wanda zai koma gida hannu rabbana.

Glenn ya hango abin sarai a ransa: yara a layi gaban motar Bryce, Fergus na tsalle yana cewa Kawu ne ya cece mu. Ya dubi ɗansa, yaron ya zuba wa ruwan ido yana shirin kuka.

Ya saki hannun Fergus, ya miƙa wa Narelle wayarsa. Ta ce masa ya yi hankali, shi da bai iya iyo ba sai na kare. Ya ce ashirin da bakwai, ya shiga da wandonsa. Yaran suka ɗauki ƙirgen daga bakin ruwa. A talatin da biyu ruwa ya kai masa ƙugu, a arba'in ya kai ƙirji. Ya lalubi ƙasa da ƙafa, babu komai. Ya matsa hagu, ya matsa dama. Ta gefen ido ya ga Bryce ya fara cire takalmi. Sai babban yatsan ƙafarsa ya sarƙe da igiya.

Sau uku ya nutsa. A na uku akwatin ya saki, ya fito yana tari, ya rungumo shi kamar jariri.

Ruwa ya shiga ciki. Taswirorin sun koma kunu, 'yan alewar da ya saka sun narke. Tsakuwar zinariya dai tana nan tana ƙyalli, fatar takalmi ma ba abin da ya same ta. Yaran ba su ga wata asara ba, dukiyar da aka ciro daga teku ai dole ta jiƙe. Fergus ya tsaya gindin bishiya yana miƙa jakunkunan suna ɗiga, duk wanda ya karɓa sai Fergus ya ce masa, “Babana ne ya nutsa ya ɗauko. Shi ya ɗinka.”

Glenn yana zaune kan benci da tawul, yana sauraron maganar sau goma sha ɗaya, bai gaji ba. Buhun alewar Bryce bai fito daga mota ba, Glenn ya kuma lura da hakan, amma abin bai yi masa daɗin da ya zata ba.

Saura jaka ɗaya, ta Fergus. Yaron ya buɗe, ya zaro marufin idon, ya juya shi a hannu. Sai ya ruga wurin gashi ya ce Kawu ya sunkuya, ya ɗaura masa.

Bryce ya miƙe da ido ɗaya a rufe, ya shaƙi iska. “Yaya, wannan abu warin ƙafarka yake yi.”

“Shekara uku na yi a cikinsa,” in ji Glenn. “Ka riƙe shi da kyau.”