Jan Zanen Araba

Tun daren da teku ta hau tudu ta kwashe rabin ƙauyen, Egya Ato bai sake taɓa filafili ba. Ruwan ya tafi da ɗakinsa, da murhun banda, da matarsa Araba. Sai ya bar masa kwalekwale maƙale a tsakanin itatuwan kwakwa biyu, ko ƙwarzane babu. Wannan ragowar ta fi komai ba shi haushi.

Mutane sun fara farfaɗowa. Ana kafa rumfuna can sama da tsohuwar maƙabarta, mata sun sake gina murhu, hayaƙin kifi ya dawo. Har Turawan nan masu hawan igiyar ruwa da allo sun fara leƙowa, Kobina kuwa, wanda ke koya musu, ya tayar da shagonsa da tsofaffin kwanukan rufi. Ato kaɗai ke kwana a ƙasa, a inuwar kwalekwalensa, yana cin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da barkono ba kifi. Kewa ta cinye shi, amma ka ce masa haka ka sha zagi.

'Yarsa Ekuwa ta zo daga Takoradi ta same shi a haka.

"Baba, ka dubi wuyanka. Ka tattara mu tafi, akwai ɗaki."

"In yi me a can? In riƙa ƙirga motoci?"

"To ka koma ruwa mana. In ka iya ciyar da kanka, na ƙyale ka. In ba ka iya ba, wallahi ko a kai zan ɗauke ka."

Abin da Ekuwa ba ta sani ba, fita teku ba ita ce wahalar ba, dawowa ce. A gaɓar nan igiya tana karyewa da mugunta, wanda ke cikin jirgi kuma bayanta kawai yake gani. Shi ya sa kowane masunci yake da mai tsaya masa a tudu. Tun aurensu Araba ce ke tsayawa da jan zane a hannu. Ta ƙyale manyan igiyoyin su wuce, in ta ga ruwa ya lafa ta ɗaga zanen, shi kuma ya tuƙo ido rufe. Bai taɓa koyon karanta igiya ba. Zanen ya koya.

Zanen nan ya tsira, a jirgin aka same shi. Ranar Talata, da yake ba a shiga teku, ya wanke shi ya ɗaure a kan wata sanda da ya kafa daidai inda take tsayawa. Washegari ya tura jirgi ya fita bai gaya wa kowa ba.

Teku ta yi masa kirki, ta ba shi kifi har ya rufe ƙasan jirgi. Da rana ta karkata ya juyo, ya tsaya bayan inda igiya ke karyewa. A nan ya tarar da Kobina zaune a kan allonsa yana lilo, ƙato da furfura a gemu, wai wasan ruwa ne sana'arsa.

"Baba Ato, yau an tuna da mu? Ka dakata, yashin ƙasa ya sauya tun ambaliya. Ba a nan ake shiga yanzu ba. In na ɗaga hannu ka biyo ni."

"Ni zan bi ka? Ranar da aka yanke maka cibiya ina cikin ruwan nan. Je ka yi wasanka da Turawanka."

Kobina ya yi dariya ya matsa gefe, amma bai yi nisa ba.

Ato ya kafa wa tudu ido. Ya san sarai shi ya ɗaure zanen da hannunsa, ba hauka yake yi ba. Ya zauna dai yana kallo, zanen yana rataye shiru, igiya tana wucewa ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai iskar yamma ta taso. Jan zanen ya miƙe, ya kaɗa.

Hannunsa bai nemi shawararsa ba. Kafin ya yi tunani ya riga ya tsoma filafili. Ya ji Kobina yana kiransa daga baya, bai waiga ba.

Igiyar da ta biyo shi ita ce babbarsu. Ta ɗaga jirgin ta soka hancinsa cikin sabon yashi, ta raba shi biyu. Kifin ya koma inda ya fito. Kobina ne ya cafko tsohon ta wuyan riga, ya ɗora shi a kan allon da yake rainawa, ya turo shi gaɓa.

"Baba, wa ya ce ka shigo?"

Ato ya yi tari ya tofar da ruwan gishiri. Ya dubi sandar. Iska ta kwanta, zanen ya koma ya rataye.

"Ba ta taɓa yin kuskure ba," in ji shi a hankali. "Ko sau ɗaya."

Kobina ya dubi zanen, ya dubi tsohon.

Ato ya tashi yana ɗingishi, ya kwance zanen, ya ninke shi yadda take ninkewa, ya cusa a cikin jiƙaƙƙiyar rigarsa. Guntayen jirgin suna ta fitowa gaɓa, bai ko kalle su ba.

"Kana da waya?" ya ce wa Kobina. "Kira mini Ekuwa."